Kariya: Furen da Rani Ba Ya Kashewa

A tsakiyar rani, lokacin da ƙasar Gumel da Maigatari ta bushe ƙurmus, akwai wata gajeriyar bishiya mai kaurin gindi da ke kaɗe ganyenta, sannan ta cika da fure mai ruwan hoda. Ita ce kariya, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum.

A nan gida ba kowa ke tsayawa ya dube ta ba. Amma a Tailan da Taiwan masu lambu sun mayar da ita sana'a. Suna aurar da irinta, suna fitar da launuka iri-iri, suna sayar wa Turai da Amurka.

Ƙarfinta yana gindinta, inda take ajiye ruwa. Shi ya sa yawan ban-ruwa ne ke kashe ta, domin saiwarta ruɓewa take yi. Rairayi irin na Gagarawa da Sule Tankarkar ya dace da ita, musamman idan an gauraya shi da tsakuwa a tukunya mai huda a ƙasa, aka ajiye ta a rana.

Wadda aka shuka daga iri ta fi yin katon gindi. Idan reshe za a dasa, a bar bakin yankan ya bushe na 'yan kwanaki tukuna.

Sai dai a yi hattara: ruwan jikinta guba ne mai taɓa zuciya, har maharba a Afirka kan shafa shi a kibiya. A nisanta ta da yara da awaki, a kuma wanke hannu bayan an yanke ta.