Ƙara wa Tsohuwar Mota Numfashi: Yadda Sufacaja Ke Aiki da Abin da Take Jawowa

Gabatarwa

Injin mota da jikin ɗan Adam sun yi tarayya a kan abu guda, wato dukkansu suna ƙona makamashi ne da iskar oksijin domin su sami ƙarfi. Jiki yana ƙona sukari da kitse a hankali cikin ƙwayoyin halittarsa, shi kuwa inji yana ƙona fetur farat ɗaya a cikin silinda. A duk wuraren biyu samun abin ƙonawa bai cika zama matsala ba, wahalar tana wajen samun isasshiyar iska. Wannan ne ya sa masu sha'awar tsofaffin motocin tsere a Amurka da Turai da Japan suke sayen wata na'ura mai suna sufacaja su ɗaura wa injinansu. Wannan maƙala za ta duba yadda na'urar ke aiki, da irin nauyin da take ɗora wa injin da ya kwana biyu. Za mu ɗauki misali da motar Mazda MX-5, wadda ake kira Miata a Amurka, domin tana cikin motocin da aka fi yi wa wannan aiki.

Inji mayunwacin iska ne

Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone ƙurmus yana bukatar iska kilo 14.7. Idan aka mayar da lissafin zuwa lita, za a ga lita 1 ta fetur tana bukatar iska kimanin lita 9,000, kuma kashi 21 cikin 100 ne kawai na wannan iska yake oksijin. Ƙara fetur abu ne mai sauƙi, amma fetur ɗin da bai sami iska ba sai dai ya fita ta salansa a matsayin baƙin hayaƙi.

An fara nuna Mazda MX-5 a bikin baje kolin motoci na birnin Shikago a watan Fabrairu na 1989. 'Yar ƙaramar mota ce mai kujera biyu, nauyinta bai kai tan guda ba, injinta mai silinda huɗu ne, girmansa lita 1.6, ƙarfinsa kimanin doki 115. Kowace silinda tana shaƙar iska sau ɗaya a juyi biyu na inji. Saboda haka idan injin yana juyi 6,000 a minti, iyakar abin da zai iya shaƙa shi ne lita 4,800 a minti. Mai karatu ya kwatanta wannan da mutum baligi, wanda yake shaƙar kimanin lita 6 a minti in yana zaune, ya kuma wuce lita 100 in yana gudu iya ƙarfinsa.

A haƙiƙa fistan ba ya jawo iska. Abin da yake yi shi ne ya sauka ya bar fili, sai nauyin sararin samaniya ya turo iska ta cike filin, kamar dai yadda huhu yake cika idan ƙirji ya buɗe. A gaɓar teku wannan matsi fam 14.7 ne a kan kowane inci murabba'i, irin fam ɗin da mai faci yake aunawa a taya. Da an hau tudu sai matsin ya ragu. A Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, inji yana rasa kusan kashi 12 cikin 100 na ƙarfinsa. Abin da ya sami 'yan gudun dogon zango ke nan a wasannin Olamfik na 1968 a birnin Meziko, mai tsayin mita 2,240, inda 'yan Kenya da Habasha da suka saba da tsaunuka suka yi fice.

Zugazugin inji

Maƙeri ba ya jiran iska ta zo wa garwashinsa da kanta, zugazugi yake sawa ya tura ta. Aikin sufacaja ke nan. Hasali ma daga maƙera ta samo asali, domin a 1860 wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, na garin Connersville a jihar Indiyana ta Amurka, suka yi rajistar wani famfon iska wanda aka riƙa amfani da shi wajen hura wutar narka ƙarfe. A 1921 kamfanin Daimler ya nuna motocin Mercedes masu ɗauke da irin wannan famfo a Balin, kuma a 1929 Bentley ta Ingila ta fito da tata.

Sufacaja iri uku ce. Akwai samfurin Roots, mai wasu ƙarafa biyu masu kunnuwa da ke juyawa suna ɗibar iska daga gefe guda suna zubawa a ɗaya gefen. Akwai mai murɗaɗɗun sanduna biyu, wadda injiniyan Suwidin Alf Lysholm ya inganta a shekarun 1930, ita tana matse iskar tun a cikin cikinta. Ta uku mai farfela ce, wadda ke wurga iska da gudu, kuma ba ta nuna ƙarfinta sai inji ya ɗau zafin juyi. Galibinsu bel ne ke juya su daga karanshaf. A nan suka bambanta da turbo, wadda Alfred Büchi na Suwizalan ya yi wa rajista a 1905, domin ita hayaƙin salansa ne ke juya ta. Amfanin bel shi ne ƙarfi yana zuwa da zarar an taka totur, illarsa kuma shi ne na'urar tana cin wani kaso na ƙarfin da ta samar.

A shekarun 1990 kamfanin Jackson Racing na Kalifoniya ya shahara da sayar da cikakkun kayan haɗi na Miata, waɗanda aka gina a kan sufacajar Eaton M45, samfurin Roots. Lambar 45 tana nufin inci 45 na cikin murabba'in sukari a kowane juyi, wato kimanin lita 0.74. Shi kuwa injin lita 1.6 yana haɗiye lita 0.8 a kowane juyi nasa. Ke nan dole na'urar ta fi injin saurin juyi, kuma girman fulin da bel ke hawa shi ke yanke wannan. Idan tana juyi ɗaya da rabi a duk juyi ɗaya na inji, a takarda za ta tura lita 1.1 zuwa inda lita 0.8 ke shiga, ko da yake wani kaso yana zurarewa baya. Rarar da ta taru a bakin bawul ita ce ƙarin matsin da ake gani a agogo. Irin waɗannan kaya sukan tsaya a wajen fam 6. Ana kuma haɗa su da wata 'yar ƙofa da ke barin iska ta kewaye na'urar lokacin da mota take tsaye ko take tafiya a hankali, don kada a yi asarar mai a banza.

Zafi da ƙwanƙwasa

Wanda ya ga fam 6 a kan fam 14.7 zai ɗauka iska ta ƙaru da kashi 40 cikin 100. Lissafin bai ƙare a nan ba, domin duk iskar da aka matse sai ta yi zafi, kamar yadda famfon keke yake ɗumi a hannu. A ce iskar waje tana digiri 30 a ma'aunin Salshiyos. Ko da na'urar ba ta da aibi ko kaɗan, matsin zai kai iskar wajen digiri 60. Tsohon samfurin Roots kuwa yana dama iska sosai, don haka tana iya kaiwa digiri 80. Iska mai zafi a buɗe take, oksijin ɗin da ke cikin kowace lita kaɗan ne. Da wannan zafi, ainihin ƙarin kimanin kashi 20 cikin 100 ne kawai. Idan aka bi da iskar ta cikin intakula, wato wani ƙaramin lagireto na sanyaya iska, aka sauko da ita digiri 45, ƙarin zai kai kusan kashi 1 cikin 3. Saboda haka agogon matsi kaɗai ba ya faɗin gaskiyar ƙarfin inji.

Babban haɗarin zafi shi ne ƙwanƙwasa. A ƙa'ida fulogi ne ke kunna wuta, ita kuma ta bazu a hankali ta cinye cakuɗen mai da iska. Amma idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar cakuɗen da ke gefen silinda sai ya fashe da kansa kafin wutar ta iso. Ƙarar takan yi kama da tsakuwa a cikin gwangwani. Wannan dabam yake da abin da makanikai ke nufi in sun ce inji ya yi nokin, amma hanya ce ta zuwa can, domin yana fasa gefen fistan, ya karya zobensa, ya ƙona gasket. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin wannan ƙara ta sanar da kwamfutar inji ta jinkirta wuta. Miata ta farko, wadda aka ƙera daga 1989 zuwa 1997, ba ta da ita. Kunnen direba ne kawai mai gadi, ga shi kuma sufacaja tana da kukanta da ke iya rufe ƙarar.

Maganin abu uku ne. Na farko fetur mai lambar okten babba, wanda ke jure matsi. Na biyu jinkirta lokacin tartsatsin fulogi daga digiri 10 da kamfani ya sa. Na uku ƙarin mai daidai da ƙarin iska, domin cakuɗen da mai ya yi wa kaɗan ya fi zafi. Kayan da aka sayar a shekarun 1990 sun dogara ne da wata na'ura mai ƙara matsin fetur gwargwadon matsin iska. A yau masu wannan aiki sukan canza kwamfutar inji gaba ɗaya da wadda za a iya saitawa, su sa manyan nozul, su kuma auna oksijin ɗin da ke fita ta salansa.

Darasi daga kajin gidan gona

A 1981 masana biyu, Ewald Weibel da Richard Taylor, suka gabatar da ra'ayin cewa gaɓoɓin numfashin dabba an daidaita su da juna, huhu da zuciya da jijiyoyin jini da tsoka kowanne gwargwadon bukatar sauran. Kajin nama na gidan gona sun nuna abin da ke faruwa in aka karya wannan daidaito. An zaɓi irinsu don su yi tsoka cikin 'yan makonni, amma zuciya da huhu da ƙashi ba su bi wannan sauri ba, shi ya sa ake ganin ruwa na taruwa a cikinsu, ƙafafunsu suna kasa ɗaukarsu.

Haka mota take. Lokacin da Toyota ta fito da MR2 mai sufacaja a 1986, sai da ta rage matsin silinda daga 9.4 zuwa 8, ta sa fistan masu ƙarfi, ta ƙara intakula, kafin ta kai doki 145. Wanda ya sayi kayan haɗi ya ɗaura a garejinsa, gaɓa ɗaya kawai ya ƙarfafa. Miata ta yi sa'a domin injinta ɗan gida ɗaya ne da na Mazda 323 mai turbo, har yana da 'yan bututun da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistan don sanyaya su. Duk da haka tana da raunukanta. Samfurin 1990 da na farkon 1991 suna da gajeren hancin karanshaf, wanda ramin makullinsa yakan cinye in kusoshin fuli ya yi sako-sako, kuma nan ne daidai inda sabon bel zai ƙara ja. Giyar baya ta mai lita 1.6 ƙarama ce, sai a 1994 aka girmama ta tare da birki, lokacin da aka koma injin lita 1.8. Kulocin asali yakan fara zamewa. Lagireton mai kan roba ne, in ya tsufa launinsa yakan koma ruwan ƙasa, alamar ya kusa tsagewa.

Mafi ƙanƙantar shekaru a cikin waɗannan motoci ta doshi shekara 30. Don haka kafin a sayi komai, wajibi ne a auna matsin kowace silinda a ga ko sun yi kusa da juna, a duba yoyon baƙin mai, a sabunta bel ɗin taimin da famfon ruwa da tiyo-tiyo da famfon mai. Injin da zobensa ya cinye, ƙarin matsi zai bi ta gefen fistan ya sauka cikin baƙin mai, tsufan da zai ɗauki shekaru ya zo cikin watanni. Birki da tayoyi kuwa batun rai ne, domin kuzarin da birki zai kashe yana ninkawa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu.

Doka da lafiyar jama'a

Zafin ƙuna mai yawa yana haɗa naitirojin da oksijin su zama iskar da ke fusata hanyoyin numfashi, ta tayar wa masu asma ciwonsu. Yawan fetur kuma yana ƙara iskar kabon monoksaid, yana kashe matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Shi ya sa a Kalifoniya ba a yarda a hau titi da irin waɗannan kaya ba sai suna da lambar amincewar hukumar kula da iska ta jihar. A Jamus sai masu binciken motoci sun duba canjin an shigar da shi cikin takardun mota. A Ingila kuma wanda ya ɓoye wa kamfanin inshora wannan canji yana iya rasa diyya ranar da hatsari ya auku.

Kammalawa

Sufacaja tana ƙara ƙarfi da gaske, kuma ilimin da ke bayanta ya haura shekara 160. Sai dai ƙarin iska yana zuwa da ƙarin zafi, yana neman ƙarin mai, yana kuma ɗora kaya a kan kuloci da giya da lagireto da birki waɗanda aka auna su da ƙarfin farko. Masu ƙwarewa a wannan aiki sukan fara da gyara tsohon inji, su bi da birki da hanyar sanyaya, sa'an nan su ɗaura na'urar a kan ƙaramin matsi. Ɗalibin kimiyya da ke son gwada fahimtarsa yana iya maimaita lissafin da muka yi a sama, ya fara da iska mai digiri 42 irin ta watan Afrilu a ƙasar Hausa, ya ga zafin da za ta kai kafin ta shiga silinda.