Tsuma Nama Kafin Gashi: Abin Da Zafin Kudu Ke Canzawa

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, kafin ruwa ya zauna sosai, Legas da Ibadan da Fatakwal sukan ɗauki zafi mai gumi, irin wanda kana fitowa daga wanka kake neman komawa. A lokacin ne kuma aka fi son zaman waje da yamma, a hura gawayi a gasa nama. Ga Babbar Sallah tana ta matsowa cikin watannin zafi, tunda kowace shekara tana ja baya da kwana 10 ko 11. Shi ya sa na ga ya kamata mu tattauna a kan tsuma nama, wato jiƙa shi cikin kayan haɗi kafin a ɗora a wuta. Abin ya shafi uwargida a kicin, ya shafi mai tukuba a Agege ko Sabon Ibadan, don yadda aka saba yi a gida ba lallai ya yi daidai da iskar nan ba.

Bari mu fara da naman kansa. Yawancin shanun da ake yankawa a Oko-Oba ko ake saukewa a Kara daga Arewa suke, daga kasuwanni irin su Potiskum da Maigatari da Wudil. Tsakanin Kano da Legas kusan kilomita 1,000 ne, dabba kuma tana yin tafiyar a tsaye cikin tirela, ga yunwa ga ƙishi. Saniyar da ta galabaita haka, in aka yanka ta ba ta huta ba, namanta yakan yi duhu, ya yi tauri, kuma ya fi saurin lalacewa. Ƙara da cewa shanun namu na kiwo ne, sun sha yawo, da yawa kuma sun manyanta. To ka ga dalilin da ya sa wani lokaci za ka gasa nama ka ji kamar igiya kake tauna. Kayan haɗi suna taimakawa, amma fa suna da iyaka. Jijiya da naman ƙwauri na tukunya ne, ko kwana nawa suka yi a jiƙe wuta ba za ta tausasa su ba. Na gashi shi ne gadon baya, da tsokar cinya mai laushi, da tozo ga mai son kitse.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ƙamshin kayan haɗi ba ya shiga can cikin nama. Tafarnuwa, citta, kanumfari, masoro, duk a saman nama suke tsayawa, ratsawarsu ba ta wuce kaurin tsinken ashana. Ka jiƙa guntun nama mai kauri ya kwana, ka raba shi biyu da safe ka duba, za ka ga tsakiyar yadda take jiya. A nan ne nake jinjina wa mahautanmu. Tun kafin a san wannan bayani suke yanka naman tsire sala-sala, siriri kamar tafin hannun jariri. In nama ya yi faɗi bai da kauri, kusan duka jikinsa sama ne, yaji ya same shi ta ko'ina. Haka kilishi: a shanya salar ta bushe, a tsoma ta cikin labu, busasshen naman ya zuƙe tunkuzar da kayan ƙamshin. Saboda haka kafin ka damu da abin da za ka zuba, gyara yankan. A yanka a gicciye, wato wuƙa ta ƙetare zaren naman, kar ta bi tsawonsa. Kaza kuma a tsattsaga cinyoyin har kusa da ƙashi.

Gishiri ne kaɗai ke ratsawa ciki da gaske, shi ma a hankali. Da ka barbaɗa shi, cikin 'yan mintuna za ka ga naman ya fara tsatsso ruwa. Kar ka tsorata. Ruwan zai narkar da gishirin, bayan kamar minti 40 zuwa awa ɗaya naman ya sake shanye mafi yawansa, gishirin ya sassauta zaren tsokar yadda za ta riƙe ruwa in ta ji wuta. Mafi munin lokacin ɗora nama a wuta shi ne tsakanin nan, minti 10 ko 15 bayan sa gishiri, ruwa ya fito bai koma ba. Ko dai ka sa ka ɗora nan take, ko ka ba shi awarsa. Ma'aunin da nake bi shi ne gram 10 ga kilo ɗaya, wato kamar cokalin shayi biyu a shafe. In za a sa dunƙule a rage, don shi ma rabinsa kusan gishiri ne.

Sai tsami: lemun tsami, tsamiya, ruwan khal, kindirmo. An ɗauka tsami ne ke sa laushi, har wasu su matse lemo biyar a kilo ɗaya su bar shi ya kwana. Tsami yana warware saman nama, gaskiya ne, amma in ya daɗe sai saman ya yi fari kamar an tafasa shi, ya takure ya matse ruwansa, a gasa ya fito a bushe. Lemo ɗaya ya ishi kilo, kuma awa biyu zuwa huɗu sun isa. Kindirmo ya fi su sauƙin hali, tsaminsa ba mai kaifi ba ne, kaza za ta iya kwana a cikinsa a firiji ba ta ɓaci ba. Dabarar da 'yan Indiya da Pakistan ke yi wa kajin gashinsu ke nan. Mu da muke da masu fura da nono a kowace Sabo, ban ga dalilin da za mu bar musu ita ba. In babu kindirmo, yogot marar sukari ya yi.

Inda Kudu ta fi mu arziki kuwa shi ne abarba da gwanda. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari mai tsinka zaren nama, shi ne ma ke sa ka ji harshenka na zafi in ka sha da yawa. Ɗanyar gwanda da ganyenta suna da irinsa a cikin farin ruwan nan mai danƙo, shi ya sa tsofaffi ke naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda. Garin tausasa nama da ake sayarwa a manyan kantuna ma daga su ake yin sa. Ɗanyar citta tana da nata, sai dai bai kai nasu ƙarfi ba. Amma fa a yi hattara, abarba ba ta da wasa. Cokali biyu na ruwanta a kilo, minti 20 zuwa 30 ga yankan tsire, shi ke nan. In ta wuce haka naman ba laushi zai yi ba, dagwargwajewa zai yi, ka ɗora a waya yana zubewa, a baki kuma kamar dafaffiyar hanta. Abarbar gwangwani da ruwan kwali ba sa wannan aiki, don an dafa su, zafi ya kashe sinadarin. Kanwa ma tana tausasawa, amma ɗan mitsitsi ya isa, in ta yi yawa ɗanɗanon sabulu za ka ji.

Abu ɗaya da ba zan yi shiru a kai ba: masu jefa farasitamol a tukunyar nama don ya yi saurin nuna. Hukumomin lafiya sun sha yin gargaɗi a kansa, magani ne da yawansa ke lalata hanta, bai da wuri a abinci. A garin da ake tallan abarba a baro a kowane lungu, wannan ba shi da uzuri.

Ga haɗin da nake yi wa kilo ɗaya na naman sa ko na rago. A goga albasa matsakaiciya ɗaya, a daka tafarnuwa sala biyar da ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, a zuba gishirin da muka ce, da man gyaɗa cokali uku, da ɗan masoro da kimba, da kanumfari uku ko huɗu, sai lemun tsami ɗaya. Man ba don laushi ba ne. Yawancin ƙamshin kayan yaji a mai yake narkewa, man ne ke shimfiɗa shi a jikin naman ya kuma hana shi manne wa waya. In kana kasuwar da ba Hausawa, masoro shi ne iyere a wurin Yarbawa, uziza a wurin Ibo, kimba kuma eeru ko uda. A murza haɗin da hannu sosai, a sa a leda mai kauri a fitar da iskar, ko a roba ko kwanon samira. Ban da tukunyar dalma da kwanon alminiyam in akwai tsami, don tsamin yana cin ƙarfen, naman ya ɗauki ɗanɗanonsa.

Za ka lura ban sa garin ƙuli a ciki ba. Da gangan ne. Ƙuli in ya kwana a ruwa tabo yake zama, ya fāɗi a wuta. Wurinsa bayan an tsame naman an tsane shi, a birkiɗa a ciki, a yayyafa mai, a jera. Zuma da sukari su ma a bar su sai ƙarshe, don kafin naman ya nuna sun ƙone sun yi ɗaci. Tsanewar nan kuwa ta fi muhimmanci a nan fiye da gida. A Kano ko Sakkwato cikin bazara, iska kaɗai ta ishe ta busar da saman nama kafin ka gama hura wuta. A Legas iskar cike take da laima, naman na nan a jiƙe, kuma jiƙaƙƙen nama ba ya yin ja, turara yake yi. A share shi da tsabtataccen ƙyalle kafin a ɗora. Laimar nan dai ita ke sa ƙuli-ƙuli yin sanyi ya fara fumfuna, kuma fumfunar gyaɗa tana haifar da guba mai illa ga hanta wadda wuta ba ta kashewa. In ka ji ƙuli na warin ruma, zubar. Gara a riƙa dakawa kaɗan-kaɗan a rufe a kwalba.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Akwai masu ganin tunda an sa gishiri da barkono da lemo, nama ba zai lalace ba. Wallahi ba haka ba ne. Yawan da muke sawa don daɗi bai kai ya kashe ƙwayoyin cuta ba. Ƙwayoyin sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyos, kuma ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce ɗanyen nama kar ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya. Rana a Legas cikin Maris takan kai haka. Ka tuna kuma naman ya riga ya yi zamansa a teburin mahauci tun safe, sannan ya sha cunkoson hanya a jaka. Don haka tsumawa ta awanni a firiji ake yin ta. Na san me za ka ce: ina wutar? To in NEPA sun ɗauke, a sayi ƙanƙara a sa a kula, a binne ledar naman a ciki a rufe. In ita ma babu, a yanka siriri, a jiƙa minti 30 zuwa 40 kacal yayin da ake hura gawayi. Tunda ƙamshi a sama yake tsayawa, ba wata babbar asara ka yi ba.

Ruwan da ya rage a leda ya taɓa ɗanyen nama, don haka ba a shafa shi a kan wanda ya nuna, sai an tafasa shi sosai. Mafi sauƙi a ɗebi na shafawa a ajiye gefe tun kafin a zuba naman. 'Yan uwana masu tukuba, wannan taku ce: tiren da kuke birkiɗa ɗanyen tsire a ciki daban, yajin da kuke barbaɗa wa mai saye daban, katako da wuƙa su ma haka. A unguwar da kake baƙo, mutum ɗaya ya kwana yana gudawa ya ce tsiren Malam ne, ba kai kaɗai zai shafa ba, duk masu sana'ar layin sun shiga baki.

Kaza sai ta nuna har ƙashi, digiri 74 ga mai ma'auni, ga marar shi kuma a soka cinyar a ga ruwa fari tas ba ja. Kajin gidan gona awa biyu a haɗi ya ishe su. Tsofaffin kaji masu ƙwai da na gida kuwa gara a ɗan sulala su da kayan ƙamshi tukuna, wuta ta ƙarasa. Kifi, ko karfasa ko tarwaɗa ko taitus, in akwai lemo kar ya wuce minti 20, don tsami na dafa shi tun yana kwano.

Wutar ma a jira ta. Sai gawayin ya yi farin toka harshen ya mutu, a tara garwashin gefe guda yadda za a sami wuri mai zafi da wuri mai sanyi. In kitse ko mai ya ɗiga wuta ta tashi, a janye naman gefe har ta lafa, baƙin ƙunar nan ba ya ƙara daɗi kuma ba shi da kyau ga lafiya, in ya samu a kankare. Mai kauri kamar balangu, in an sauke a rufe shi minti biyar kafin a sa wuƙa, in ba haka ba romon da aka sha wahalar tsarewa a kan katako zai ƙare.