Fiƙar da Ta Ƙi Fitowa

'Yan'uwa manoma na Karare da kewayen Batsari da Safana, kowa ya san irin da aka shuka ya ƙi tsirowa ba a barinsa haka. Akan tona a ga abin da ya tare shi. To, haƙori ma yakan yi haka a bakin yaro.

Yaro yana da haƙoran nono 20, babba kuwa 32. Famfara takan fara wajen shekara 6. Fiƙar sama tana cikin na baya-baya, sai shekara 11 zuwa 12 take fitowa, domin ita ce mai doguwar hanya, daga can kusa da gindin hanci take gangarowa. Wani lokaci takan kauce, ko ta tarar babu wuri, sai ta kwanta cikin ƙashi.

Binciken likitocin haƙori a ƙasashe dabam-dabam ya nuna wajen mutum 2 cikin 100 ne ke da wannan. In ban da turmin ƙarshe na can ƙurya, babu haƙorin da ya fi ta maƙalewa. Ya fi samun 'yan mata, kusan ninki biyu. Ke nan makarantar da ke da yara 300, ba mamaki a sami 5 ko 6.

Wahalar ita ce, yawanci ba ta ciwo. Amma tana iya cin saiwar haƙorin da ke kusa da ita a ɓoye, har ya fara girgiɗa.

Ga abin da za mu yi. Idan yaro ya kai shekara 10, uwa ta wanke hannu da sabulu, ta shafa dasashi can sama da ƙaramar fiƙar. In ta ji ɗan tudu, haƙori yana tafe. In ba ta ji ba, ko kuwa gefe ɗaya ya fito ɗayan shiru har wata 6, a nemi likitan haƙori ya ɗauki hoto. A 1988 likitoci biyu a Suwidin, Ericson da Kurol, sun nuna in an cire fiƙar nono tsakanin shekara 10 da 13, fiƙa 78 cikin 100 sukan dawo hanya da kansu. In an makara, sai tiyata da waya, aikin shekara biyu ko fiye, da kuɗi mai yawa.

Kada a kai wa wanzami ya tsaga dasashi. Aska ba ta ganin cikin ƙashi, ga kuma zubar jini. A fara da asibitin da ke kusa, su za su tura Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Aminu Kano a Kano.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta ware ɗan abu daga asusu bayan kaka domin kuɗin mota. Zumuntar Mata kuma su duba bakin yara ran Lahadi bayan sujada, su gaya wa maƙwabta. Ubangiji ya ba mu lafiya.