Yadda Saudiyya Ta Mayar da Hunturu Kasuwar Iyalai

Daga watan Oktoba zuwa Maris, lokacin da zafin Riyadh ke sauka daga sama da digiri 40 na tsakiyar bazara zuwa kusan 20 a ranakun Janairu, birnin yakan koma dandalin biki. Tun 2019 Hukumar Nishaɗi ta ƙasar ke shirya Riyadh Season, inda ake baje wuraren wasan yara, gidajen abinci, wasannin kwaikwayo da dambe. A 2022 aka ƙara da Boulevard World, inda aka gina kwaikwayon unguwannin ƙasashe daban-daban a kewayen wani tafki na haƙa. Can arewa maso yamma kuma garin Al'ula na gudanar da bikin hunturunsa na Tantora tun ƙarshen 2018. Mai kallo daga nesa yakan ɗauka don baƙin Turai aka yi duk wannan. Alƙaluma na nuna akasin haka: magidancin Saudiyya da iyalinsa su ne ginshiƙin kasuwar, kuma a kansu ɗorewarta ta rataya.

Tushen abin yana cikin tattalin arziki. Shekaru kusan 35 babu gidan sinima a ƙasar, sai a Afrilun 2018 aka sake buɗewa. Kafin nan, duk ƙarshen mako motoci kan yi jerin gwano a gadar Sarki Fahad mai tsawon kilomita 25 zuwa Bahrain, masu hali kuma su tashi zuwa Dubai ko Landan, kuɗin man fetur ya bi su ya ƙare a aljihun wasu. Shirin Vision 2030 da aka ƙaddamar a 2016 ya fito fili ya ce yana son kason da iyalai ke kashewa kan nishaɗi da al'adu a cikin gida ya tashi daga kashi 2.9 zuwa 6 cikin ɗari. Ƙidayar 2022 kuma ta nuna kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasar ba su kai shekara 30 ba. Ƙasa mai yara da matasa haka, dole ta samar musu wurin zuwa, ko su nema a waje. Da aka sanar cewa an cimma burin masu yawon buɗe ido miliyan 100 a 2023, kusan kashi uku cikin huɗu 'yan cikin gida ne.

Zaɓen hunturu ma ya dace da al'adar da gwamnati ta tarar. Da sanyi ya shigo, iyalai kan fita abin da suke kira kashta: a loda darduma da itace a bayan mota, a nufi rairayin Sumama a arewacin Riyadh, a hura wuta, a ɗora butar gahawa, dattawa na tauna dabino yara na gangarowa daga tudun yashi. Mutanen Tabuk kuwa kan hau Jabal al-Lauz a shekarun da dusar ƙanƙara ta sauka. Abin da hukuma ta yi shi ne ta ɗauki wannan sha'awar fita, ta kewaye ta da katanga, ta sa mata tikiti.

Akwai masu cewa duk wannan wankin suna ne, wato ƙasar na sayen manyan 'yan wasa don a manta da sukar da ake mata kan haƙƙin ɗan Adam. Maganar na da ƙamshin gaskiya. Damben Francis Ngannou ɗan Kamaru da Tyson Fury a Oktoban 2023, da wanda ya yi da Anthony Joshua a Maris na 2024, an shirya su ne don idon duniya. Sai dai dambe dare ɗaya ne, biki kuwa watanni yake yi, kuma masu cika shi kullum iyaye ne da ke turo keken jarirai. Suka ta biyu daga masu kishin addini take, waɗanda ke ganin kaɗe-kaɗe ba su dace da ƙasar Harami biyu ba, suna kuma tunatar da gargaɗin da ya zo a hadisi game da shiga kufan Samudawa, wato Mada'in Saleh da ke kusa da Al'ula. Wannan damuwa ba ta wasa ba ce, kuma tazarar kilomita ɗaruruwa tsakanin Riyadh da Makka ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Abin da za a iya cewa shi ne, mafi yawan abin da iyali ke nema, kamar lilo, gidan namun daji da wuraren tarihi irin na Dir'iyya, ba a cika jayayya a kai ba, kuma can ne ya fi kamata a zuba jari.

Tasirin ya taɓa masu zuwa Umara daga Najeriya da Nijar. Tun 2022 aka tsawaita bizar Umara zuwa kwana 90, aka kuma ba mai ita damar zagaya sauran biranen ƙasar. Jirgin ƙasa na Haramaini ya mayar da tafiyar Makka zuwa Madina ta kusan awa biyu da rabi, hutun makarantu na Disamba kuma ya faɗo daidai lokacin sanyi. Ga shi azumi, wanda ke matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, zai zauna a tsakiyar hunturu na wasu shekaru masu zuwa, abin da zai tilasta wa masu shirya bikin su gyara jadawalinsu.

Babbar barazana ita ce tsada. Harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 a 2020, riyal na ɗaure da dala, naira kuwa ta faɗi warwas tun 2023. Har yanzu baitulmali ne ke ɗauke da babban kaso na hidimar, kuma ranar da farashin mai ya karye za a gane wane ɓangare ne ke iya tsayawa da ƙafarsa. Manyan taurari za su bi kuɗi duk inda ya koma. Idan hukuma na son kasuwar ta rayu bayan tallafi, sai ta riƙe tikiti a farashin da malamin makaranta mai 'ya'ya biyar zai iya biya sau biyu ko uku kafin sanyi ya wuce.