Jinin Shugaba da Haƙƙin Yafewa

Ranar Juma'a, 9 ga Afrilu 1999, a filin jirgin sama na Yamai, Shugaban Nijar Ibrahim Bare Mainasara yana takawa zuwa ga jirgi mai saukar ungulu da ke jiransa, sai aka buɗe masa wuta daga wajen dogaran fadarsa, waɗanda aka danƙa wa amanar ransa, ya faɗi nan take. Kafin rana ta faɗi, firayim minista Ibrahim Hassan Mayaki ya shaida wa jama'a wai tsautsayi ne. Bayan kwana biyu kuwa Manjo Dauda Malam Wanke, shugaban dogaran nan, ya hau karagar mulki. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan ƙissa shi ne abin da ya biyo baya, domin tsarin mulkin da aka kafa a wannan shekara ya ƙunshi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 1999 baki ɗaya, aka rufe ƙofar tuhuma tun ba a buɗe ta ba.

Mai karatu zai iya cewa ai shi ma Bare da bakin bindiga ya karɓi mulki daga hannun Mahaman Usman ranar 27 ga Janairu 1996. Gaskiya ne, kuma ba na wanke shi daga wannan laifi. Amma laifin mutum, kome girmansa, hujja ce ta a kai shi gaban alƙali, ba ya halatta jininsa ga wanda ya ga dama.

Fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya, Allah ya jiƙansu, sun daɗe da tsefe wannan mas'ala. A wurinsu, idan aka kashe rai da gangan, ƙisasi haƙƙi ne na waliyyan mamaci: su ne ke da ikon nema, su ne ke da ikon yafewa, ba sarki ba, ba majalisa ba, kuma ko sun yafe, hukuma tana yi wa makashin bulala ɗari da ɗaurin shekara guda, saboda jama'a ma an taɓa ta. Sa'an nan suka keɓe kisan gilla, wato a yaudari mutum har ya saki jiki sannan a hallaka shi, suka riskar da shi ga hukuncin hiraba, wato fashi da makami, suka ce a nan ko waliyyai ba su da ikon yafewa. To, wace yaudara ce ta kai ta dogarin da ya sara wa ubangidansa da safe, ya juya masa bindiga kafin azahar? Haka nan ba su bar wa taron dangi mafaka ba, gama ya tabbata Sayyidina Umar ya zartar da ƙisasi a kan jama'ar da suka haɗu suka kashe mutum ɗaya a San'a.

A Nijeriya an ga fuska biyu. Da aka kashe Janar Murtala Muhammad a Ikko ranar 13 ga Fabrairu 1976, ita ma Juma'a, kotun soja ta yi zamanta a asirce, aka harbe mutum fiye da talatin, Dimka kuma, jagoran waɗanda suka kashe shi, ya bi su a watan Mayu. Hukunci ya sauka, amma sirri da gaggawa sun bar shubuha a zukata game da wasu daga cikinsu. Da aka harbe Bola Ige a gidansa na Ibadan ranar 23 ga Disamba 2001, alhali shi ne ministan shari'a na tarayya, an kama, an gurfanar, an sallama, ba a sami kowa da laifi ba.

Masu kare afuwar Nijar suna kafa hujja da maslaha, cewa da an tono zancen, da soja ba su koma bariki ba. Ina ganin nauyin wannan magana, amma maslahar da aka saya da haƙƙin marayu, ba a ko tambaye su ba, kyauta ce da kayan wani. Matar Bare da 'ya'yansa sun yi shekaru suna buga ƙofar kotunan ƙasarsu, ana nuna musu dokar afuwa, har suka kai kuka Kotun ECOWAS, wadda a 2015 ta hukunta cewa an tauye musu haƙƙin neman adalci, ta umarci gwamnatin Nijar ta biya su diyya. A lokacin Wanke ya shekara goma sha ɗaya da rasuwa, kuma ba a taɓa tsayar da kowa gaban alƙali ya faɗi wanda ya ba da umarnin harbi a safiyar nan ba.