Daga Filin Idi Zuwa Kan Kwalta: Koyon Tuƙi da Shirin Jarrabawa

A yawancin garuruwanmu koyon tuƙi a filin idi yake farawa, ko a filin ƙwallon wata makaranta bayan an tashi. Yayan mutum ko abokinsa ya zauna a gefe, ya nuna masa kulochi da birki da totur, mota ta yi ta mutuwa ana tayarwa har ƙafa ta saba. Bayan sati ɗaya ko biyu sai ka ga yaro yana zagaye fili yana canza giya ba gargada, mutanen gida su ce ai wane hannunsa ya faɗa. Hannun kam ya faɗa. Sai dai a fili babu ɗan adaidaita sahun da zai ci birki a gabanka don ya hango fasinja, babu yaron da zai ɓullo da gudu daga bayan motar da aka faka, babu kuma tirelar da za ta matso ka tana zuba maka hon. Hannu da ƙafa da wuri suke koyo. Ido ne yake daɗewa bai ƙware ba, kuma shi jarrabawar tuƙi ta fi nema.

A Najeriya hukumomi uku ne suke da hannu a lasin tuƙi. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988 zamanin mulkin Janar Babangida, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Ita take tantance makarantun koyon tuƙi, ta ɗauki hoto da zanen yatsu, ta buga katin. Akwai jami'an duba lafiyar motoci na jiha, waɗanda kowa ya sani da VIO, su ne masu yi wa mutum jarrabawa. Sannan akwai hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha, inda ake biyan kuɗi a kuma karɓi takardar izinin koyo. Wanda bai cika shekara 18 ba doka ba ta ba shi damar kama sitiyari a titi ba, komai tsayinsa, komai kuma ƙwarewarsa a fili. Mai neman lasin a karon farko sai ya bi ta makarantar da hukuma ta amince da ita, ya halarci zaman darasi 26 aƙalla, makarantar ta ba shi shaidar kammalawa. Da ita zai cike takardar nema ta intanet, ya je wajen VIO. Muddin yana koyo kuwa, dole motar ta ɗauki jan harafin "L" gaba da baya, kuma a samu mai lasin zaune a gefensa.

Kowa ya san akwai wata hanyar. Akwai masu cewa kawo hoto da kuɗi, sati mai zuwa ka zo ka karɓa, ba darasi ba jarrabawa. Wani lokaci katin ma na bogi ne, sai ranar da aka tare mutum a hanya aka duba lambar aka ga babu ita a rumbun hukuma. Amma ko da katin ya fito na gaske, mai shi ya cuci kansa, domin ya biya kuɗi an raba shi da damar da yake da ita guda ɗaya ta wani masani ya zauna a gefensa ya faɗa masa inda yake kuskure kafin titi ya faɗa masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum kusan miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya kai shi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Cikin wannan rukuni ne mafi yawan masu koyon tuƙi suke.

Kashin farko na jarrabawa tambayoyi ne a kan ƙa'idojin hanya, kuma duk daga kundin dokokin hanya na ƙasa suke fitowa. Mutane suna wahalar da kansu da haddar alamomi ɗaya bayan ɗaya, alhali siffar allon ta riga ta faɗi rabin magana. Da'ira mai jan baki hani ce: kada ka shiga, kada ka juya, kada ka wuce wannan gudun. Shuɗiyar da'ira umarni ce, bi nan. Mai kusurwa uku gargaɗi ne, akwai kwana a gaba, ko makaranta, ko hanyar jirgin ƙasa. Mai kusurwa huɗu bayani ne kawai, kamar nisan gari ko inda asibiti yake. Mai kusurwa takwas kuwa guda ɗaya ne tak, shi ne na tsayawa, kuma tsayawa yake nufi cak, ba rage gudu ba. Haka zanen da ke kan kwalta: layi mai yankewa an yarda ka tsallaka shi ka wuce ta gabanka in hanya ta ba da, layi miƙaƙƙe da bai yanke ba an hana. A lura da inda ake zana miƙaƙƙen, za a ga a kwana ne da kan tudu da gada, wuraren da ba a hango mai tahowa.

Za a tambayi iyakar gudu. Ga ƙaramar motar gida, kilomita 50 a awa ne a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen titi. Haddace su ba wuya, fahimtar dalilinsu ne ya fi amfani. Motar da ke gudun 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya daƙiƙa biyu don ya ga wa yake kiransa a waya ya yi tafiyar da ta fi rabin filin ƙwallo ido rufe. Sannan birki ba ya bin lissafin da muke zato: in ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya bayan ka taka birki ninkuwa yake sau huɗu. Daga nan aka samo ƙa'idar daƙiƙa biyu. Ka zaɓi wata alama a bakin hanya, turken lantarki ko bishiya. In motar gabanka ta gota ta, ka ƙirga a ranka, in ka iso kafin daƙiƙa biyu to ka matse ta da yawa. In ana ruwa sai a ninka.

Kashi na biyu shi ne a ba ka mota a ce bismilla. A nan masu koyo suke ɗauka sai sun burge jami'i da saurin canza giya, shi kuwa tun kafin mota ta motsa ya fara ba da maki. Ka gyara kujera? Ka daidaita madubai? Ka ɗaura bel, wanda aka fara tilasta ɗaura shi a ƙasar nan tun farkon 2003? Ka duba giya tana firi kafin ka murza makulli? Da za ka hau titi, ka kalli madubi, ka ba da sigina, ka waiga ta kafaɗa? Wannan waigen ba ƙa'idar banza ba ce. Akwai wani lungu a gefen kowace mota da madubi ba ya nunawa, kuma daidai girman mai babur ne. Jami'i ba ya iya ganin abin da ke ranka, saboda haka ka bari ya ga kanka yana motsi.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne tashi a kan tudu. An tsayar da kai a hawa, mota tana son komawa baya, ga wata a bayanka. Malamin kirki zai ce, "Malama, ja birkin hannu tukuna. Sa giya ɗaya. Ɗan taɓa totur. Yanzu ɗago kulochi a hankali, a hankali dai, har ki ji muryar injin ta sauya, gaban motar ya ɗan ɗaga. To tsaya a nan, kada ki ƙara. Sauke birkin hannun." In an dace da wannan gaɓar, mota gaba za ta yi ba tare da ta zame ko taku ɗaya ba. In an saki kulochi da garaje ta mutu, in an yi nawa ta gangara. Kuma mutuwar mota ba ita ce faɗuwa ba. Abin da ake kallo shi ne me ka yi bayan ta mutu: ka taka birki, ka mayar da giya firi, ka tayar cikin natsuwa, ko kuwa ka rikice ka bar ta tana tafiya da kai. Ribas ma haka, a yi shi da tafiyar kulochi, ido yana yawo tsakanin madubai da gilashin baya. Wanda ya koya da mota otomatik ya huta da duk wannan, amma ranar da aka miƙo masa makullin wata tsohuwar Golf a ƙauye ana neman mai kai mara lafiya asibiti, zai so a ce da manuwal ya fara.

Shataletale kuma nan ne halin direbobinmu yake fitowa fili. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma dama, irin na maƙwabtanta Nijar da Kamaru da Chadi da Benin. A wannan tsari, wanda ya riga ya shiga shataletale, wato mai zuwa ta hagunka, shi yake da hanya. A titi za ka ga mai ƙarfin hali ne yake wucewa, kuma mai koyo da ya buɗe ido ya ga haka ake yi sai ya ɗauka ita ce doka. Yaran mota da suka taso a tasha sun fi kowa faɗawa wannan rami. Sun san mota ciki da waje, suna gane ciwon inji daga ƙararsa, amma sun gaji aron hannu da obatekin a kwana daga iyayen gidansu, kuma babu mai wuyar gyara kamar wanda ya riga ya iya.

Ranar jarrabawa a isa da wuri da takardu a hannu. In da motarka za ka yi, ka tuna duba lafiyar mota shi ne ainihin aikin VIO, don haka fitilu da sigina da hon da birki da tayoyi duk su kasance lafiya. Mai sa tabarau ya zo da shi, akwai gwajin ido. In jami'i ya ba da umarnin da ba ka ji ba, ka ce, "Ranka ya daɗe, a maimaita mini," ya fi ka yi kame-kame a mahaɗa.

Wanda ya ci, za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi lasin wucin gadi na kwana 60 kafin katin dindindin na shekara 3 ko 5 ya fito. Jarrabawar dai da rana aka yi ta, a cikin gari, a busasshen titi. Ba a gwada shi da tuƙin dare ba, inda mai tahowa yake ƙin rage fitila, kuma maganin shi ne kawar da ido zuwa gefen kwalta na dama a rage gudu. Ba a gwada shi a hazon hunturu ba, ko a ruwan farkon damina da ke taso da maiƙon da ya kwanta a titi duk rani. Tafiyar farko daga Kano zuwa Kaduna, gara a yi ta da safe, da gogaggen direba a kujerar gefe.