Ko Ka Sani? Kamfas, Allurar da Ba Ta Ɓatan Kai

Ko ka san akwai wasan tseren da ba a nuna wa mai gudu hanya? Sai za a sake shi ake miƙa masa taswira, an zagaye wasu wurare da da'ira an sa musu lamba, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ta duk inda ya ga ya fi masa sauri. A kowane wuri akwai 'yar tuta mai launin fari da ruwan lemo, inda zai buga shaidar cewa ya iso. Sojojin Suwidin ne suka fara shi a matsayin atisaye a ƙarshen ƙarni na 19, aka yi gasar farko ta farar hula a Norwe a 1897, aka kafa ƙungiyarsa ta duniya a 1961. Da daji aka san shi, amma tuni ya shigo gari: a 2014 cikin lungunan birnin Benis na Italiya aka yi gajeren tseren gasar duniya. Ban da taswira, na'ura ɗaya ce aka yarda ɗan wasa ya nemi hanya da ita, wato kamfas.

Ba ta da batir, ba ta jiran sabis. Siririyar allura ce ta ƙarfe da aka sa wa maganaɗisu, aka ɗora ta bisa tsinin da za ta juya a sake. A kamfas na zamani tana cikin wani ruwa da ke hana ta yawan rawa, don mai gudu ba shi da lokacin jiran ta natsu. Abin da ke juya ta kuwa yana ƙarƙashin ƙafarka. Kimanin kilomita 2,900 a cikin ƙasa akwai narkakken ƙarfe mai tsananin zafi da ke motsi ba tsayawa, kuma motsin nan ne ke mayar da duniya dungurungum ta zama maganaɗisu. William Gilbert, likitan Sarauniyar Ingila, shi ya rubuta a 1600 cewa duniya kanta maganaɗisu ce. Amma tun a 1088 wani masanin ƙasar Sin, Shen Kuo, ya bayyana allurar, har ya lura cewa ba ta saitawa cif da ainihin kudu da arewa, takan ɗan karkace.

Ya yi gaskiya. Arewar da allura ke nunawa daban take da arewar taswira, kuma ba a zaune take wuri ɗaya ba. A 1831 James Clark Ross ya same ta a can arewacin Kanada. Yau ta yi nisa cikin teku tana dosar Saberiya, akwai shekarun da ta riƙa cin kilomita hamsin a shekara. A wasu ƙasashe karkacewar takan haura digiri 20, wanda bai sa ta a lissafi ba sai ya ɓace. Mu nan mun yi sa'a. A Jalingo, da ma Najeriya baki ɗaya, karkacewar a wannan zamani ba ta wuce digiri ɗaya ko biyu ba.

Akwai wata sa'ar kuma da ba kowa ya sani ba. A Turai maganaɗisun duniya yana jan bakin allurar ƙasa, shi ya sa masu ƙera kamfas suke ɗan ƙara nauyi a ɗaya ɓangaren don ta daidaita. Layin da jan nan yake ɓacewa, inda allura ke kwanciya ɗoɗar, ta arewacin Najeriya ya ratsa. Don haka kamfas ɗin da aka ƙera wa Turai zai iya ɗan rinjaya gefe a hannunka a Jalingo, allurar ta riƙa gogar gidanta. Idan za ka saya, ka shimfiɗa shi a tafin hannu ka juya a hankali ka ga ko tana yawo a sake.

A cikin gari babban abokin gabar kamfas ƙarfe ne. Ka tsaya a wani lungu a unguwar Turaki ta Jalingo kusa da ƙofar ƙarfe, ko a gindin taransifoma, ko ka jingina da Keke Napep, allurar za ta bar arewa ta koma wa abin da ya fi kusa da ita. Kwanon rufi na ƙarfe, rodin da ke cikin bene, lasifika, har wayar da ke ɗaya hannunka, duk suna ruɗa ta. Maganin mai sauƙi ne: ka matsa 'yan taku zuwa fili, ka riƙe ta a kwance. Ƙwararrun masu tseren gari ma ba zura mata ido suke yi ba. Sukan ɗaura ƙaramin kamfas a babban yatsa, su juya taswira har arewarta ta yi daidai da allura, daga nan sai karatun kwana da katanga da kwata, kan yatsa yana bin inda suke a takarda.

A ganina wannan wasa ne da ya dace da mu, kuma ina fata malaman makaranta da shugabannin 'yan Sikawut su duba shi. Kuɗin da yake ci kaɗan ne. Unguwannin tsohon gari irin su Turaki da Sintali da Majidadi suna da lungu da saƙon da za su sa yaro tunani, ga Kogin Lamurde da duwatsun da ke kewaye da Jalingo a matsayin alamomin da ba sa gushewa. Yaron da ya iya daidaita taswira da kansa, ya san nisan da ke tsakanin gidansu da fadar Sarkin Muri a takarda da kuma a ƙafa, ya sami ilimin da allon waya ba zai ba shi ba.

Musulmi kuwa sun daɗe da sanin amfanin allurar ta wata fuskar. Wajen ƙarshen ƙarni na 13 wani sarkin Yaman masanin taurari, Al-Ashraf Umar, ya rubuta yadda ake gano alƙibla da ita. Daga Jalingo, Ka'aba tana wajen digiri 62 daga arewa idan ka juya ta hannun dama, wato arewa maso gabas. Gabas sak digiri 90 ce. Manhajar alƙibla ta waya da wannan lissafi take aiki, kuma a cikin wayar akwai ɗan mitsitsin ma'aunin maganaɗisu da ƙarfe ke ruɗawa kamar yadda yake ruɗa allura. Shi ya sa wani lokaci take ce maka ka kaɗa ta a iska kana zana lamba 8, kuma shi ya sa wayoyi biyu a ɗaki ɗaya sukan saɓa.

Mai son tabbatar da ko kamfas ɗinsa na faɗin gaskiya yana da dama sau biyu a shekara. A ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da misalin 10:27, rana takan tsaya daidai saman Ka'aba. Ka kafa miƙaƙƙiyar sanda a fili a wannan lokaci, ka ja layi daga ƙarshen inuwar zuwa gindin sandar. Inda layin ya dosa nan ne alƙibla, sai ka ɗora kamfas a kai ka ga ko zai karanta 62.